Gyaran cin abinci a hostal, sannu a hankali

Masu ta tambayata yadda za su gyara cin abincinsu a hostal, ga shawarwari nan, amma don Allah kar ku kwashe su duka rana ɗaya, kowane sati ku ƙara guda.

1. Ka karya kafin lakcar safe, ko da koko da ƙosai ne.
2. Cika gorar ruwa ka jefa a jaka.
3. In za ka dafa Indomie yanka mata kabeji da albasa.
Hattara: nan ake kuskure, kar ka juye magin duka, gishirinsa yawa gare shi, rabi ya isa.
4. Dafa wake sau 2 a sati, ga arha ga riƙe ciki wallahi.
5. Lemon kwalba ya koma ranar Juma'a kawai.
6. Daren karatu ajiye gyaɗa ko dabino kusa maimakon biskit.