Cizal ɗin huda rami: wanda za ka saya da yadda za ka buga shi

Cizal na farko da na karya, a shagon maigidana ne a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Ya ba ni ƙafar benci ta maɗaci ya ce in huda ramin da harshen ɗaya katakon zai shiga. Na ɗauki cizal siriri na gyaran fuska, na buga, na banƙara, sai ji na yi ƙas! Bai yi faɗa ba, ya dai miƙo mini wani mai kauri ya ce, "Yaro, kowane da aikinsa."

To, shi cizal ɗin huda rami, kaurinsa daga gaba zuwa baya ya fi faɗin bakinsa, gefensa a miƙe, ƙotarsa kakkaura. Idan ka je saye, ɗora bayansa a kan gilashi. In yana rawa, ajiye musu abinsu. Kada ka kwashi jeri guda. Mai milimita 6 da 10 da 12 sun ishe ka kujera, tebur da ƙyaure. Ni mai 10 ya fi cin wuya a hannuna.

Faɗin ramin ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. Katako mai milimita 30, cizal mai 10. Cizal ɗin ne ma'auni: ɗora bakinsa, ka ja layi ta gefe biyu, ka yanka harshen daidai da shi.

Danne katakon a kan benci, ko ka zauna a kai, yadda muke yi. Gudumar katako za ka sa, ta ƙarfe tana farfasa ƙota. Fara daga tsakiya, cizal a tsaye cak, kana matsawa kaɗan-kaɗan kana banƙaro ɓarɓashin. Bar kamar milimita 2 a kowane ƙarshe, don nan ƙarfen ke jingina yana murƙushe bakin ramin. Sai ka kai zurfin da kake so ka sare su da bugu ɗaya a miƙe. Idan ramin zai ɓulle, yi rabi, ka juya katakon ka gama ta baya, in ba haka ba zai tsage.

Wasa bakinsa a wajen digiri 30 ko sama kaɗan, musamman in kirya ce a gabanka. Katako kuwa, kada ka huda ɗanyen da ka sauko da shi daga 'yan katako da damina. Hunturun Katsina na busar da shi, harshen ya tsuke, kujerar ta fara girgiɗi.