Yadda direban babbar mota zai kula da zuciyarsa a kan hanya

Direban da yake kwana a kan sitiyari yana ɗora wa zuciyarsa kaya biyu: dogon zama ba motsi, da barcin da ba shi da tsayayyen lokaci. A al'ada jinin mutum yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan yana barcin dare, to wanda yake tuƙi a wannan lokaci, gobe kuma a mayar da shi aikin rana, yana hana jijiyoyinsa wannan hutu.

Ka fara da tsayuwar da kake yi dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma ba dole ba ne a yi shi a tashi ɗaya. Idan ka sauko duba tayoyi, kada ka koma kujera nan take. Ka zagaya motar da sauri har numfashinka ya ɗan ƙaru amma kana iya magana, ka yi haka na minti 10. Sau uku a rana, kwana biyar a mako, lissafin ya cika. Kafin ka hau, ka dafa jikin motar ka yi ɗage sau 20, domin naman sha-raɓa ne yake tura jini daga ƙafa zuwa zuciya, dogon zama kuwa yakan sa jinin ya taru har ya daskare. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ganina ma'auni ne mai kyau ko a inda ba a tilasta shi ba.

Barci kuma ka nemi awa bakwai, ka rufe gilasai da labule mai kauri idan da rana ne, ka bar shan kofi awa shida kafin ka kwanta. Idan abokin tafiyarka ya ce kana minshari mai ƙarfi har numfashinka yana ɗaukewa, ka ga likita, domin wannan matsala tana jawo hawan jini da gyangyaɗi a kan hanya.

Ka rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, sigari kuwa barinsa ya fi rage shi.

Ka ajiye na'urar awon jini a mota, ka auna bayan ka zauna shiru na minti biyar. Idan ta yi ta nuna 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, ka je asibiti. Amma idan ka ji nauyi a ƙirji yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi da sarƙewar numfashi, ka faka a gefen hanya ka kira agajin gaggawa, kada ka ce sai ka kai kaya.