Kurakuran da Baƙi Suka Fi Yi a Dajin Amurum

Dajin Amurum yana gefen ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga garin Jos. Bai wuce hekta 300 ba, amma an ga irin tsuntsaye sama da 300 a cikinsa, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take tun 2001. Duk da haka sai mutum ya wuni a ciki, ya fito yana cewa bai ga komai ba sai kurciya da hasbiya. Abin yana damuna, domin tsuntsayen suna nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne makara. Baƙo zai karya kumallo a gari, ya iso da hantsi, lokacin da tsuntsaye suka gama kiwon safe suka shige inuwa. Ka kasance a bakin daji gari na wayewa, domin awa biyu ko uku na farko su ne ribar ranar. Ka zo da rigar sanyi, don safiyar Filato a lokacin hunturu ba ta wasa.

Sai sauri. Masu zuwa motsa jiki sukan ɗauka cewa yawan tafiya shi ne yawan gani, suna ta kutsawa suna hira da ƙarfi, tsuntsaye na watsewa tun kafin su iso. Gyaran shi ne ka yi taku kaɗan ka tsaya. Ka sami gindin bishiya a bakin kurmin da ke bin rafi, ko inda ciyawa ta haɗu da duwatsu, ka zauna shiru minti goma. Waɗanda suka gudu za su dawo. Kunne kuma ya riga ido aiki: yawanci kukan za ka fara ji, sannan ka ga reshe ya motsa. Idan ka hango tsuntsu, kada ka sunkuya neman madubin hangen nesa. Ka kafe ido a kansa, ka ɗago madubin zuwa idonka, in ba haka ba ka rasa shi.

Farar shadda mai ƙyalli da ƙara a bar ta sai ranar Juma'a. Kaya masu launin ƙasa ko na ganye sun fi. Silifas kuma ba ya hawa dutse, balle da damina da santsi ya yi yawa.

Akwai kuskuren da ya fi ba ni takaici, wato raina ƙananan tsuntsaye. Kowa yana ɗaga kai yana neman shaho ko cilakowa, alhali abin da ke kawo masana daga Turai yana ƙasa, yana tsintar 'ya'yan ciyawa a tsakanin duwatsu. Wani ɗan ja ne, dangin baiwar Allah da muke gani a tsakar gida, sai dai shi bayansa ja ne, bakinsa kuma toka-toka mai shuɗi. Sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin iri na daban. Akwai kuma wani ɗan baƙi mai ƙyalli da ake kira da sunan Filaton Jos, wanda ba ya yin sheƙa: macensa a sheƙar ɗan jan take saka ƙwai, shi ya rene mata, namijin kuma kukan ɗan jan yake kwaikwaya. Don haka idan ka ji kukan, duba da kyau kafin ka yanke wane ne. Baƙar rigar nan ma a lokacin haihuwa kawai namiji yake sa ta, wajen ƙarshen damina. Bayan nan sai ya koma ruwan ƙasa, ka wuce shi ba ka sani ba.

Wasu sukan kunna kukan tsuntsu a waya don su jawo shi kusa. Yana zuwa, amma zuwan faɗa ne, don ya ɗauka kishiya ta shigo masa, ya bar kiwo da sheƙa yana neman abokin gaba. A wurin da ake bincike wannan ɓarna ce. Haka ma matsawa kusa da sheƙa don ɗaukar hoto.

Kada kuma ka faɗa dajin kai tsaye kamar ba shi da masu shi. Ka fara zuwa cibiyar ka yi sallama, ka nemi izini da ɗan rakiya wanda ya san hanya da kukan kowane tsuntsu. Idan ka ga raga a shimfiɗe ko tsuntsu da zobe a ƙafa, aikin masu bincike ne, kada ka taɓa. Ledar ruwa ka mayar da ita jaka, ashana da taba kuwa su tsaya a waje, domin da rani ciyawar Amurum a bushe take ƙayau.