In Bature ya ce ka taka masa yatsu

'Yan uwa masu aiki da Turawa ko hira da su a intanet, ku kula da wannan. In wani ya ce maka "you are stepping on my toes", ba maganar ƙafa yake ba. Yana nufin ka shiga gonarsa, ka yi aikin da yake huruminsa ba tare da ka tambaye shi ba. Kada ka tsaya gardama. Ka ba shi haƙuri, ka tambaye shi inda iyakar aikinsa take. Amma in ya fara da "I don't want to step on your toes", ladabi ne, izininka yake nema kafin ya sa baki.

"This is my turf" ta fi zafi. Asalin ma'anar kalmar "turf" ciyawa ce, sai 'yan daba a biranen Amurka suka riƙa kiran unguwar da suke iko da ita haka. Yanzu har 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis na faɗinta, kuma gargaɗi ne na gaske.

Ita kuwa "stay in your lane", wato tsaya a matsayinka, don Allah kada ka faɗa wa maigidanka ko wanda ya girme ka. Rashin kunya ce tsantsa.