Cin abincin Faransawa a Nis ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Duk watan Satumba, in sababbin ɗalibai suka iso Nis, birnin nan na kudancin Faransa, daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba a rufa mako biyu sai wani ya turo mini hoton takardar kuɗin abinci yana tambaya: "Yaya, kuskure suka yi ko?" Ba su yi kuskure ba, ƙanena. Kai ne ka zauna a inda bai kamace ka ba, kuma ka ci ba ka tambaya ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abincin yau da kullum ba shi da wuya, ba zan daɗe a kansa ba. Ɗalibi yana da gidan cin abinci na CROUS, hukumar da ke kula da abinci da masaukin ɗalibai, a 2025 yuro 3,30 ne, mai tallafin karatu kuma yuro 1. Naman halal da shinkafa da barkono suna nan a shagunan unguwar Notre-Dame, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Matsala tana tasowa ranar da ka yi baƙo, ko ka karɓi albashin farko, ka ce yau sai ka ci irin na masu gari.

Ni a shekarata ta biyu abin ya same ni. Kawuna ya zo birnin Marsai, nan kudancin Faransa, kan harkar kasuwanci, ya ce ba zai koma ba sai ya ga inda ɗan 'yar'uwarsa yake. Na tarye shi a tasha, muka gangara Promenade des Anglais, titin nan da ya bi bakin teku, yana ta mamakin gaɓar da babu yashi sai tsakuwa. Da yunwa ta taso, wani mutum da ke tsaye a ƙofar wani gidan abinci ya tare mu da fara'a, ya ja mana kujeru masu kallon ruwa. A takardar abinci na ga kifin da suke kira loup, a gabansa an rubuta 9. Na ce a raina ai wannan araha ce. Ban lura da 'yan ƙananan haruffan da ke gefe ba: les 100 g. Wato yuro 9 kuɗin giram 100 ne kawai.

Mai kawo abinci ya zo da kifin ɗanye a kan faranti ya nuna mana. Ni a zatona karramawa ce, na gyaɗa kai kamar wani babban mutum. Ashe a nan ne ya kamata in ce a auna a faɗa mini kuɗinsa. Ya tambaye mu ruwa, mai gas ko marar gas, na zaɓi ɗaya, aka kawo kwalba biyu. Muka ci, kifin kuwa ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Da takarda ta zo, sai ga yuro 130. Kifin ya ɗara kilo ɗaya. Kawu ya leƙo ya ce, "Nawa ke nan da kuɗinmu?" Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato wajen jika tamanin da biyar. Na ce masa ba yawa. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke rawa a kan katin banki, bai ce komai ba sai da muka fita: "Kai da kake taya goro sau uku a Kasuwar Dole, yau ka ci tunkiya guda ba ka ko yi tayi ba." Mako uku na yi ina cin taliya da tumatirin gwangwani.

Abin da ya ci ni a ranar kunya ce, kuma ita ce ke cin yawancinmu. Mutanenmu ba ragwaye ba ne wajen ciniki, duk inda Bahaushe ya sauka sai ya san farashin gari kafin ya kwance kaya. Amma da zarar an shimfiɗa mana farin mayafi a tebur, an jera cokula uku, sai baki ya mutu, muna tsoron a ce baƙauye ne. Alhali Bafaranshen da ke teburin gefe yana tambayar komai, har ranar da aka kamo kifin.

Doka tana bayanka, in ka sani. Dole gidan abinci ya kafa farashinsa a waje, inda mai wucewa zai karanta kafin ya shiga. Kuɗin hidima yana cikin farashin, ba wanda zai tilasta maka ƙari, in ka bar yuro ɗaya ko biyu alheri ne. Burodi da ruwan famfo kyauta ne ga mai cin abinci, amma sai ka furta da bakinka: une carafe d'eau, wato butar ruwan famfo. In ka amsa waccan tambaya ta mai gas ko marar gas, ka sayi kwalba. In kuma ka ga an rubuta farashi da giram, ko selon arrivage, wato gwargwadon abin da aka kawo a ranar, kada a ɗora kifi a wuta sai an faɗa maka jimilla.

Batun inda za a je kuwa, ka juya wa teku baya ka yi tafiya. Duk inda wani ke tsaye a ƙofa yana kiran mutane, ko takardar abinci tana da hotuna da harsuna biyar da abinci kala sittin, to na masu yawon buɗe ido ne, waɗanda za su ci yau gobe su hau jirgi. Titin Masséna da Cours Saleya da dare cike suke da irinsu. Cours Saleya da safe wani abu ne daban, kasuwar furanni da kayan lambu ce, ranar Litinin kuma ta tsofaffin kaya. Ni dai tiram na ɗaya, jirgin ƙasa na cikin gari, nake hawa in sauka Libération, inda 'yan gari ke cefane, ko in bi lungunan bayan tashar jiragen ruwa ta Lympia. Abin da nake nema ƙaramin wuri ne mai baƙin allo da aka rubuta da alli, abinci bai wuce kala biyar ko shida ba, kuma tsofaffin unguwa suna zaune suna musu da mai gidan.

Akwai alamu biyu da ke taimakawa. Ɗaya 'yar tukunya ce mai rufin ɗaki a kanta, alamar fait maison da aka kafa a 2014, ma'ana a nan aka dafa daga ɗanyen kaya, ba ɗumame aka sayo daga kamfani ba. Ɗayar ita ce Cuisine Nissarde, da ake ba gidajen da ke riƙe da girkin gargajiyar garin. Kuma ka ci da rana. Tsakanin ƙarfe 12 da 2 ake yin plat du jour, wato girkin ranar, da formule, wato haɗin abinci a farashi guda, abincin da in dare ya yi kuɗinsa zai haura sosai. In ka zo ƙarfe 3 kamar yadda muka saba a gida, gidajen kirki sun rufe murhu sai ƙarfe 7, waɗanda za ka tarar a buɗe su ne waɗanda nake ce maka ka guje su.

Sai a 1860 Nis ta shiga ƙasar Faransa dindindin, shi ya sa girkinta ya fi kama da na maƙwabtanta na Italiya, abincin talakawa ne na man zaitun da kayan lambu. Wannan kuwa alheri ne gare mu, don mafi arahar cikinsa babu abin da ya haramta. Socca garin wani wake ne da ake kira pois chiche, a dama da ruwa da man zaitun, a gasa a faffaɗan tire cikin tanderun itace, a barbaɗa masoro, a ci da hannu tana turiri. 'Yan yuro kaɗan ne, kuma duk wanda ya tashi da ƙosai zai gane ta. Pissaladière burodi ne da aka lulluɓe da albasa mai laushi da zaitun da ƙananan kifi masu gishiri. Pan bagnat kuma burodi ne zagayayye da aka cusa wa tumatir da ƙwai da kifi, guda ɗaya ya ishe ka har la'asar.

Inda za ka buɗe ido shi ne wajen nama. Daube naman sa ne, amma da jar giya ake dafa shi, kuma shi ake cusawa cikin raviolin garin, wato taliyar da ake naɗe nama a cikinta. Petits farcis, kayan lambun da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, sau da yawa da alade a ciki. Lardons da jambon duk alade ne, kuma suna ɓuya har cikin salak. Moules marinières, girkin wasu halittun teku masu ɓawo, ma da farar giya ake yi. Wani yaro daga Tawa ya cinye farcis faranti guda a bara, sai da ya dawo ɗaki ya tambaye ni mene ne a ciki. Tambayar da zai yi a tebur ke nan: akwai alade, akwai giya? Babu mai kawo abincin da zai ji haushi, kullum ana yi musu ita.

A watan Yuli da Agusta, da lokacin bikin carnaval na Fabrairu, babban bikin faretin gari, gari yana cika maƙil, ƙananan gidajen nan tebur goma ne da su, sai ka kira tun da safe ka kama wuri. Da yawansu kuma ba sa buɗewa Lahadi da Litinin, don haka in kawunka zai zo, ka ce masa ya zo ranar Laraba.