Zoben Baiko na Lu'u-lu'u a Ingila: Shawara ga Sabon Zuwa Mai Ƙaramin Ƙarfi

Saurayin da ya sauka Ingila don karatu ko aiki, ya kuma daidaita da yarinyar da ta tashi a can, ko da iyayenta Hausawa ne, ba zai daɗe ba zai ji maganar zoben baiko, domin yatsanta ƙawayenta za su fara dubawa da zarar ta ce an sa rana. Zoben ba ya ɗauke masa sadaki, ba ya rage masa lefe, ƙari ne a kan ɗawainiyar da ke jiransa, saboda haka ya kamata ya shiga kasuwar nan da idonsa a buɗe.

Abin da nake so ɗan'uwa ya fara riƙewa shi ne lu'u-lu'u ba gwal ba ne. Iyayenmu mata suna sayen sarƙa da awarwaro su adana, ranar da buƙata ta taso a ɗora a sikeli a biya su gwargwadon giram, wani lokaci har da riba. Lu'u-lu'u ba haka yake ba, da wuya wanda ya saya a kanti ya mayar da kuɗinsa idan ya tashi sayarwa, sau da yawa ma tayin da za a yi masa ya yi ƙasa ƙwarai. Kwalliya kake saya, ba ajiya ba. Maganar da za ka ji cewa sai ka kashe albashin wata biyu kuwa, daga tallan kamfanin lu'u-lu'u na De Beers ta samo asali a ƙarnin da ya wuce, ba doka ba ce, ba kuma addini ba. Ka yanke adadin da za ka iya biya hannu da hannu tun kafin ka fita daga gida, kuma ka guji tsarin biya kaɗan-kaɗan, domin wanda bai daɗe a ƙasar ba yana kan gina tarihin bashinsa ne, biya guda da ya kuskure zai iya bin sa har ranar da zai nemi lamunin sayen gida.

Da abubuwa huɗu ake yi wa dutsen kuɗi: yanka, launi, tsabta da nauyi. A ganina yanka ne kaɗai bai kamata a yi masa rowa ba, domin shi ke mayar da haske ga ido, kuma ƙaramin dutse mai kyan yanka ya fi babban da aka yanka ba daidai ba walƙiya. Nauyi da karat ake auna shi, karat ɗaya giram 0.2 ne, farashi kuma yakan yi tsalle a kan cikakkun lambobi, don haka dutse mai karat 0.90 ya fi mai 1.00 sauƙi sosai, alhali idan aka jera su a tafin hannu da ƙyar za a bambance. Launi daga harafin D yake farawa, wato fari tas, ya gangara zuwa Z. G ko H sun wadatar, idan kuma a kan jan gwal za a ɗora shi, har J ma yakan yi kyau, saboda launin gwal ɗin yana rufe ɗan rawayar da ke cikinsa. A wajen tsabta, matakin VS2 ko SI1, wato masu ɗan ƙanƙanin tabo a ciki, ya isa muddin ido bai ga tabon ba.

Akwai kuma lu'u-lu'un da ake haɗawa a masana'anta, wanda sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na haƙowa, farashinsa kuwa ƙasa yake nesa ba kusa ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan hanya ce mai kyau, da sharaɗin ya gaya wa yarinyar gaskiya tun farko, ya kuma san cewa kusan ba shi da kasuwa idan an tashi sayarwa.

A Landan unguwar Hatton Garden ce matattarar masu wannan sana'a, a Bamingam kuwa Jewellery Quarter, inda kantuna ke jere kuma ana ciniki, saɓanin manyan kantunan cikin gari. Ka zaga uku ko huɗu kafin ka ciro katinka. Ka nemi takardar shaidar dutsen daga GIA ko IGI, cibiyoyin da ke tantance duwatsu masu daraja, sannan ka karɓi ɗan gilashin da maƙerin ke karawa a ido, mai ninka abu sau 10, ka duba lambar da akan zana a gefen dutsen ko ta yi daidai da ta takardar. Ka roƙe shi ya kai zoben bakin taga, domin fitilun kanti an tsara su ne don komai ya yi ƙyalli.

Shi ma gwal ɗin yana da shaidarsa. Dokar 1973 ta wajabta hatimi a kan duk kayan gwal da ya wuce giram 1, kuma ofisoshi huɗu ne ke bugawa: Landan da kan damisa, Bamingam da anka, wato ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, Shefil da fure, Edinbara da ganuwa. A wajen gwal, karat ma'aunin tsantsarsa ne, ba nauyi ba: lambar 750 tana nufin karat 18, 585 karat 14, 375 kuma karat 9. Mun saba da 21 da 22 na Dubai da Saudiyya, amma irin wannan gwal yana da taushi, ƙusoshin da ke riƙe dutsen kan lanƙwashe, shi ya sa 18 ko 14 suka fi dacewa. Hannun da zai yi alwala sau biyar, ya yi girki da wanke-wanke, ya fi son dutsen da ya zauna ƙasa-ƙasa, wanda ba zai riƙa kama mayafi ba.

Wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki, sai dai wannan haƙƙi ba ya aiki a kan zoben da aka ƙera maka musamman ko aka zana wa suna. A Ingila da haruffa ake auna girman yatsa, a Amurka da lambobi, don haka ka sa ƙanwarta ko ƙawarta ta samo maka girman daidai, ka kuma tambayi mai kanti ko gyaran farko kyauta ne, ya rubuta maka amsar a rasit.