Bayan ajiye fom, ku yi sendRedirect, ba forward ba

Salamu alaikum ƴan uwa masu rubuta Servlet da JSP, wato shafukan yanar gizo da Java.

Duk shafin da ke ajiye wani abu, rajista ko biyan kuɗi, da ya gama ku tura mutum da sendRedirect, umarnin da ke sa burauza ta buɗe sabon adireshi. Kada ku yi forward, mai miƙa aikin ga wani shafi a cikin sabar.

Na sha wuya kafin na gane. Na yi wa wani mai shago a Kasuwar Dole ɗan tsarin rubuta ciniki. Reso, wato netwok, ya yi nauyi, yaron shago ya danna F5, maɓallin sabunta shafi, sau uku. Da yamma muka tarar buhun shinkafa ɗaya an rubuta shi sau huɗu, mai shago na ta kirana.

Dalili kuwa, forward a cikin sabar yake faruwa. Burauza ba ta san an motsa ba, adireshi bai canza ba, POST ɗin nan, wato buƙatar da ta kai bayanan fom, na hannunta. Ka sabunta shafi, ta sake aikawa.

Shi sendRedirect lamba 302 yake mayarwa da sabon adireshi, burauza ta je da GET, buƙatar karanta shafi kawai. Sabunta sau goma, ba abin da zai ƙaru.

Amma ku lura, abin da kuka liƙa wa buƙatar farko da request.setAttribute ya tafi ke nan, buƙata ce sabuwa. Saƙon "an ajiye" ku sa shi a session, ma'ajiyar da sabar ke riƙe wa kowane mai ziyara. Ku sa return bayan sendRedirect, don lambar da ke ƙasa za ta ci gaba da gudu.

Amma sendRedirect ba ya maganin mai danna maɓalli sau biyu kafin amsa ta iso. Wannan sai ku kashe maɓallin bayan dannawar farko.